Zanen Utamaro: rayuwar matan Edo ce ko tallar Yoshiwara?

Malamin zane: Jama'a, ina nan kan bakata. Mai son sanin yadda matan Japan suka rayu a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, ya duba ukiyo-e, zanen da ake bugawa da allon katako. Kitagawa Utamaro ya zana mata suna ɗinki, suna girki, suna shayar da jarirai, har da masu kiwon tsutsar siliki.

Hajiya: Malam, da sake. Wa ya zuba kuɗin aikin? Tsutaya Juzaburo, mai jarin buga zane da ya ɗaukaka Utamaro, a bakin ƙofar Yoshiwara, unguwar karuwai da hukuma ta killace a birnin Edo (Tokyo ta yau), ya fara kasuwanci, yana sayar da littafin sunayen matan gidajen. Da yawansu talauci ne ya sa iyaye suka sayar da su tun suna ƙanana, da bashin shekaru a wuyansu. Wadda ta mutu babu dangi, haikalin Jokanji ake kai gawarta. A takarda kuwa sai kimono mai tsada da tsinken ado a gashi. Abin yana yi mini ciwo.

Malamin zane: Hajiya, ki yi wa Utamaro adalci. Akwai jerin zane biyar da ya yi kan matan unguwar, ya sa har da na ƙasa-ƙasa, teppo, gashi a hargitse, riga a sake.

Hajiya: Ita ma don ta burge mai saye aka zana ta.

Baba masassaƙi: Ku bar ni in ce wani abu kan aikin. Hannu huɗu ke ciki: mai zane, mai sassaƙa, mai bugawa, da mai jari. Tun 1765, lokacin mai zane Suzuki Harunobu, ake bugawa da launi da yawa, kowane launi da allonsa. Wanda ya kashe wannan kuɗi, abin da kasuwa ke so zai buga. Shi ya sa fuskokin suka kusa zama ɗaya.

Ɗaliba: Baba, fuska kam haka ne, amma mai zane bai ƙirƙiro almakashi, tukunya da madubi ba. Kuma Okita da Utamaro ya zana, mai kai shayi a shagon Naniwaya na unguwar Asakusa, mace ce ta gaske da mutane ke zuwa gani.

Hajiya: 'Yata, to ai shagon aka yi wa talla ke nan.

Malamin zane: Ko talla ce, wa ya zana uwa tana yi wa ɗanta wanka idan ba masu zanen ukiyo-e ba?