Ina son karantar dokar iyali a jami'a, ta ina zan fara?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana zan zana JAMB, kuma burina in zama lauya mai tsaya wa mata a shari'ar aure, riƙon yara da gado. Yayata ta sha zaryar kotu tana neman hul'i, ba lauya, ba wanda ya fahimtar da ita haƙƙinta, har gajiya ta sa ta yarda ta mayar da sadaki da lefe gaba ɗaya. Abin yana nan a raina. Shin akwai digirin dokar iyali shi kaɗai? Kuma BUK ko ABU, wacce za ku ba ni shawara?

Ɗan Kongo:
Wa alaikis salam ƙanwata. Babu shi a digirin farko. Lauya za ki karanta shekara 5, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, akwai reshenta a Bagauda kusa da ku. Dokar iyali darasi ce a ciki, ƙwarewar sai a digiri na biyu da kuma zaman kotu. Mu a ABU tsangayar tana harabar Kongo a Zariya, akwai ɓangaren shari'ar Musulunci. BUK kuwa haɗe suke koyar da dokar boko da ta Musulunci. Ki riƙe Adabin Turanci da kyau, ana buƙatarsa.

Barista Maman Yara:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Duk wacce kika samu ki tafi, amma ki fara gyara Larabcinki tun yau. Ƙararrakin da kike magana a kotun shari'a ake yin su, bisa mazhabar Malikiyya, kuma alƙali littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa zai buɗe. In ba za ki iya karanto masa nassi ba, lauyan miji zai kayar da ke kina ji kina gani. Misali, mata da yawa ba su san a Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare, matuƙar sharuɗɗan sun cika, ciyarwa kuma tana kan uba. Kuma in an tabbatar da cutarwa, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi.

Kada kuma ki raina dokar shari'ar auren rajista ta 1970. Irin wannan auren a Babbar Kotu ake kashe shi, kuma mazauna Sabon Gari ma za su zo ofishinki. Sai dai ki shirya, yawancin matan da za su neme ki ko kuɗin mota ba su da shi.

'Yar Gwammaja:
Na gode ƙwarai Anti. Na sauke Alƙur'ani, na yi Ishmawi da Iziyya a Islamiyya, Risala ce ban fara ba. In fara ta yanzu wajen malaminmu, ko in bari sai bayan JAMB?