Zan kai garin zogale da na kunun aya Maraɗi, in jira takardu ko in ba direba?

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina haɗa garin zogale da garin kunun aya mai dabino a Kano. Na zogalen yana da lambar NAFDAC, na ayar ana kan hanya. Wata baiwar Allah mai shago a Maraɗi ta nemi kwali 20 kafin azumi, rabin kuɗi yanzu, rabi in ta sayar. Tambayata biyu ce: in tsaya in yi rajistar NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya waje) da fom ɗin NXP na fitar da kaya a banki, ko in ba direba ta Jibiya kamar yadda kowa ke yi? Sannan rubutun jikin leda, dole sai na mai da shi Faransanci?

Abu Hanifa Dawanau: Hajiya ki shiga harkar zoɓo da citta kawai, nan kuɗin yake.

Maman Sadiƙ: Na gode Alhaji, amma ba shi na tambaya ba.

Ɗan Katsinawa: Aya za ki kai Maraɗi? Hajiya ayar da kike niƙawa ma, in kin bi sawu, daga wajen Cadawa ko Agye, nan jiharmu ta Maraɗi, ta fito. Zogale kuwa ki zo Jiratawa, kusa da Maraɗi, ki ga gonaki. Tallan ruwa a bakin kogi ke nan.

Maman Sadiƙ: Ɗanyen kaya ne a wajenku. Nawa wankakke ne, a inuwa na shanya shi, kore shar, an tankaɗe an rufe a leda da ranar lalacewa. Abin da take so ke nan.

Hajiya Ta Annabi: Ƙanwata zauna ki ji. Ni zuma na kai, jarka shida, da man habbatus sauda kwalba ɗari. Wani mai buga takarda ya ce in rubuta "yana maganin suga da hawan jini da basir" don ya shiga kasuwa, na yarda. A wani shinge aka sauke kayan, wani mai kaki ya ɗaga kwalba yana karantawa a hankali da yatsa, ya ce tunda magani ne, ina takardar magani? Kwana tara kayan suna zube a rana. Zumar ta yi kumfa, murfin jarka biyu ya tashi, ƙudan zuma suka taru har ba mai iya matsawa kusa. Direba ya kashe waya. Da na je da kaina sai da na sayar da ɗan kunnena a Katsina kafin na karɓo abin da ya rage. Matar da ta yi odar kuma ta ce ai ta riga ta saya a wani wuri. Har yau in na ji warin zuma gabana faɗuwa yake.

Ummu Khairat: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya. Direban kin same shi?

Hajiya Ta Annabi: Na gan shi a tasha bayan wata huɗu, ya gaishe ni har ƙasa kamar ba a yi komai ba.

Malam Ejan: Kuskuren Hajiya a rubutun yake. Da zarar ka ce abu yana warkar da cuta, ya fita daga abinci ya koma magani, rajistarsa daban. Maman Sadiƙ, rubuta abin da ke ciki, nauyi, ranar haɗawa da ta lalacewa, da adireshinki, da Faransanci da Turanci. Kayan tsiro kuma akwai takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar duba lafiyar kayan gona ta Najeriya. Ki kuma sani Nijar ta fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, kada ki dogara da abin da wani ya gaya miki na shekarun baya, ki sa mai shagon ta tambayi duwan, wato kwastam ɗin Nijar, da kanta.

Ɗan Katsinawa: Malam ka taɓa ƙetare iyakar Ɗan Isa da kaya ko a ofis kake karantawa?

Malam Ejan: Shekara sha ɗaya ina fitar da kayan mutane.

Abu Hanifa Dawanau: Kwantena kake fitarwa ta Legas. Kwali 20 kuɗin takardu ma sai ya cinye ribar.

Ummu Khairat: Ni dubu huɗu nake biya kowane kwali daga Katsina har Maraɗi, komai a ciki.

Hajiya Ta Annabi: Dubu huɗu? Wace shekara? Ni tara na biya, ban da abin da ya biyo baya.

Ɗan Katsinawa: Jikka biyu ne.

Baban Ikram: Naira 400?? Turo min lambar direban nan yanzu 😂

Ɗan Katsinawa: Jikkar sefa, malam, dubu guda. Ku da jakarku ta ɗari biyu ko ruwan leda na kirki ba ta saya.

Baban Ikram: Ni dai in kayan sun maƙale a hanya a sanar da ni, zan taimaka wajen shan kunun.

Maman Sadiƙ: To Faransancin fa, wa zai rubuta min daidai?

Ummu Khairat: Bar wannan tukuna. Rabin kuɗin nan da aka ce sai an sayar, a naira kuka yi magana ko a sefa? Ni aka riƙe min wata biyar, da aka tashi biya canji ya juya, aka ce a farashin ranar da zai fi musu sauƙi za a lissafa.

Ɗan Katsinawa: Mu ma haka 'yan Kano ke yi mana da kuɗin dabbobi. Da aka rufe iyaka a 2019 akwai wanda har yau bai biya ni kuɗin raguna ba, da aka sake rufewa a 2023 ya samu sabon uzuri.

Abu Hanifa Dawanau: Kar ka haɗa kowa da kowa. Ɗan wace unguwa ne?