Na kwafi siginar rimot ɗin get ɗina, amma ƙofa ta ƙi buɗewa

Ɗan_Dalma ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Burina in riƙa buɗe get ɗin gida da waya, ta hanyar ESP32 (ɗan allon kwamfuta mai wayfai) da ɗan ƙaramin fanel mai aika sigina. Na sa RTL-SDR (na'urar kama siginar rediyo da ake jonawa a kwamfuta) a kan mitar 433.92 MHz, na danna rimot, na naɗi siginar a manhajar Universal Radio Hacker. Ta fito tsaf: bugu 12 masu tsayi ɗaya, ɗan shiru, sai bit 66 (kowane bit sifili ne ko ɗaya). Na mayar da ita daidai yadda na naɗa, get ko gezau.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk dannawa sai rabin farko na lambar ya canza, na ƙarshe kuwa yana nan yadda yake. Na kwance rimot ɗin. Batir 23A ne mai volt 12, akwai wani ɗan gwangwani da aka rubuta R433 a kansa, sai IC (ƙwaƙwalwar rimot ɗin) mai ƙafa takwas, HCS301. Ina matsalar take?

Injiniya_Sarkin_Waya:

Wa alaikumus salam. Malam, naɗinka lafiya lau yake, amsar tana jikin IC ɗin nan. HCS301 na kamfanin Microchip ne, da tsarin KeeLoq yake aiki, wato lamba mai juyawa. Bit 32 na farko da kake gani suna canzawa a kulle suke da makulli mai bit 64, kuma a cikinsu akwai ƙidaya mai bit 16 da ke ƙaruwa da ɗaya duk sanda ka danna. Sauran 34 ɗin su ne lambar rimot ɗin mai bit 28, huɗu na madannai, biyu na halin batir da maimaici. Su ba a ɓoye su, shi ya sa ba sa motsi.

Na'urar get tana riƙe da ƙidayar ƙarshe da ta karɓa. Ka aiko mata wadda ta riga ta ji, ko wadda ƙidayarta ba ta kai ta ƙarshen nan ba, sai ta yi kunnen uwar shegu da kai. Makullin kuma ba ya bin iska, ba kuma a karanto shi daga ƙafafun IC. Masu bincike a Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun ciro shi a 2008 ta hanyar auna wutar da IC ke sha yayin lissafi, amma wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba na teburinmu ba.

Gwangwanin R433 shi ke tsayar da mitar kawai, ba ruwansa da lamba.

Hajiya_Oscillo:

Ni dai in rimot ya zo hannuna, IC nake fara karantawa kafin in jona SDR. Da EV1527 ka gani, da tuni ka gama: bit 24 ne, 20 na adireshi, 4 na madanni, kullum iri ɗaya, manhajar rc-switch ta allon Arduino tana karanta shi nan take. PT2262 ma ya fi sauƙi, galibi ƙafafun adireshi takwas, kowace hali uku, lambobi 6,561 ke nan gaba ɗaya. Har mamaki nake a ce irin wannan ne ke tsaron ƙofar gida. Saboda haka ƙanena ka gode Allah da naka ya ƙi kwafuwa.

Ɗan_Dalma:

Na gode ƙwarai. To Injiniya, na yi ta danna shi a ɗaki nesa da get lokacin naɗi, ƙidayar ba za ta rikice ba?

Injiniya_Sarkin_Waya:

An tanadi wannan. A tsarin da Microchip ya shimfiɗa, in tazarar ba ta wuce dannawa 16 ba, get zai buɗe kai tsaye. In ta wuce, danna sau biyu a jere kusa da shi, zai daidaita kansa.

Baba_Mai_Rile:

Yaro, bar wahalar da kanka da iska. Nemo rimot na biyu irin na get ɗin, ka danna madannin koyarwa da ke kan fanel ɗin injin, ka yi masa rajista. Sai ka liƙa siraran wayoyi biyu da dalma a ƙafafun madanninsa, ka kai su PC817 (ɗan makunni mai aiki da haske da ke raba wutar ɓangarori biyu), ESP32 ya riƙa kunna shi na rabin daƙiƙa. Kada ka haɗa kai tsaye, rimot volt 12 yake, ESP32 kuwa 3.3, za ka ji ƙauri. Ka auna da mita ka ga ɓangaren da wuta take kafin ka jona, don PC817 hanya ɗaya yake wuce wuta.

Idan kuma wayfai ɗinka na kaiwa bakin get, duba fanel ɗin injin da kyau. Galibinsu suna da tasha biyu na madannin bango. Rile (makunnin da wuta ke kunnawa) ɗaya a nan ya wadatar, ba rimot ba eriya. Cire wutar injin tukuna kafin ka sa sukundireba a ciki.