Yara na ɗaukar yaƙi kamar fim, ya zan yi da darasin nan?

Malamar JSS 2:
Assalamu alaikum malamai, dan Allah shawara nake nema. Ina koyar da tarihi a wata makarantar gwamnati nan cikin gari, satin da ya wuce muka shiga zuwan Turawa Kano a 1903. Na karanta musu yadda rundunar Kanar Morland, kwamandan sojan Turawan Ingila, ta taso daga Zariya ta bi ta Bebeji ta fasa ganuwa ran 3 ga Fabrairu lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, wlh ina rufe baki tambayar farko ita ce wace irin bindiga ce, mutum nawa aka kashe, wani a baya har yana harbi da biro ana ta dariya. Abin ya tsaya min a rai, garinsu ne fa, kakanninsu ne. Ya zan yi su karanta su yi tunani ba haddar shekara kawai ba? Ga littafi bai kai goma ba a ajin.

Tsohon malami, Gwale:
Wa alaikumussalam malama. Kar ki hana su tambayar bindiga, ta nan za ki shigo musu. Ni abin da nake yi, in rubuta labarin a taƙaice bai wuce shafi ɗaya ba, in yi fotokwafi, yara biyar takarda ɗaya. Ba ma karantawa a tafi ɗaya, in mun kai inda aka fasa ganuwa sai in ce a kife takarda, kowane rukuni ya rubuto tambaya uku, ɗaya wadda amsarta ke cikin takardar, ɗaya wadda sai an yi tunani, ɗaya kuma wadda za a kai wa kaka a gida. Ta biyun nan ita ce aikin. Ranar farko shiru za ki ji, sai ki fara musu da taki, misali matar da ke da goyo a Jakara da ta ji ƙarar igwa ina za ta nufa? Mai rumfa a Kurmi fa, ya buɗe washegari? Daga nan za ki ga mai harbi da biro ya nutsu. Sai ki kai su ga labarin yaƙin Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu, da yadda aka kama Alu ya ƙare rayuwarsa a Lokoja, ki tambaye su iyalinsa fa.

Malami a Fagge:
Gsky ne baba. Abin da zan ƙara, ki ba su labarin ta baki biyu, yadda Bature ya rubuta da yadda mutanen gari ke faɗa, su nemo inda aka saɓa su faɗi dalili. Amma malama in kin zo yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ki bi a hankali, ajina akwai yaran Sabon Gari kuma kowa da abin da aka faɗa masa a gida, na taɓa barin su muhawara kan wa ke da laifi, Gowon ko Ojukwu, ranar da kyar na raba su, wata yarinya ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Tun daga nan tambayata kan yunwa da gudun hijira da yaran da suka rasa iyaye take.

Uwar ɗalibi:
Ni dai ku kai su Gidan Makama su gani da ido, ku tsaya a ganuwa su ga kaurinta. Ɗana bai taɓa shiga ba kuma kullum ta gaban wurin yake wucewa.

Malamar JSS 2:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ranar Litinin zan gwada na tambaya ukun in sha Allah, sai dai firiyod ɗina minti 40 ne, in raba shi kwana biyu ko ya kake yi?