"Inuwar giginya, na nesa ka sha": zargi ne ko yabo?

Jikar Iya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana tara da rasuwar kakata ta wajen uba, muna ce mata Iya. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce 'yarta ta fari tana goye a bayanta lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, don haka ta doshi casa'in. Ta haifi tara, bakwai na raye. Ita ce ungozomar unguwarmu, ita ce kuma mai wankan gawar mata, ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Shekarar sanƙarau, 1996, ta yi makonni tana kwana wajen jinyar 'ya'yan da ba ta haɗa komai da su ba. Da aka dawo da rigakafin shan inna a Kano a 2004, bayan an yi wata da watanni ana ƙinsa, ita ke shiga gaban 'yan matan nan masu ɗiga maganin, don in aka ga fuskarta ba a rufe ƙofa.

Ran sadakar uku mata sun cika tsakar gida, kowa na kawo nata alherin da Iya ta yi mata. Sai Goggo, wato 'yar farin nan da aka goya, ta ce a hankali: "Allah Ya jiƙan Iya, inuwar giginya." Wurin ya yi tsit. Wasu suka ce amin, wasu suka sunkuyar da kai. Har yau abin na cina. Yabonta ta yi ko gorin ta yi mata?

Malam Na-Gusau:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya gafarta mata, Ya ba ku haƙuri. 'Yata, ba zan ɓoye miki ba, zargi ne. Cikon karin maganar "na nesa ka sha", wasu su ce "na nesa ka sha sanyi". Wannan "ka" ɗin irin tamu ce ta mutanen yamma, ku a Kano "ke" za ku ce. Giginya doguwa ce, ba rassa, ganyen duk yana can ƙoli, sai inuwar ta tsallake wanda ke gindinta ta sauka can gefe. Ana faɗarsa ga attajirin da ke biya wa bare kujerar Makka alhali ƙaninsa na bin bashin hatsi. Ɗan'uwan wannan karin maganar shi ne "gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa." Ban taɓa jin an yabi mutum da shi ba.

Uwar Biyu:
Ni dai kada wanda ya ga laifin Goggo. Duk wadda aka haifa ta fari a ɗakin irin waɗannan iyayen ta san zancen. Tawa uwar ma ungozoma ce. Ƙarfe biyun dare za a buga ƙyaure, ta ɗauki fitila da mayafi, ta taɓa ƙafata ta ce "ki kula da ƙannenki." Ina shekara tara nake tuƙa tuwon mutum goma, ina tsaye kan turmin da aka kife don in kai bakin tukunya. Makarantar boko a aji huɗu na tsaya. Yau in na bi layinmu ana cewa ga 'yar mai alheri, ina jin daɗi, wallahi ina ji. Amma alherin nan da hannuna aka yi rabinsa, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Ɗan Gaya:
Ku gafarce ni, ni daga ƙasar giginya nake, nan Gaya ta jihar Dosso, inda za ka yi tafiya mai nisa cikin Dallol Mawri ba ka ganin komai sai ita. Wanda ya ƙirƙiro karin maganar nan matafiyi ne da ya zo neman inuwa da hantsi, bai zauna da bishiyar ba. Da rana tsaka inuwar gindi take dawowa. Sannan 'ya'yanta ina suke faɗawa? Gindi. Wa ke tsinta? Na kusa. Mu ke binne ƙwallon mu tono muruci mu dafa mu kai kasuwa. In ta tsufa aka sare ta, ita ce azarar da ake rufa ɗaki da ita, gara ba ta cinta, jika ya gaji ɗakin kakansa azarar na nan. Kuma ba bishiyar gaggawa ba ce, wanda ya shuka ta sai ya yi shekaru bai ga ɗanta ba. Ni in aka kira tsohuwata giginya, godiya zan yi.

Malam Na-Gusau:
Ɗan Gaya, ka iya kare bishiyarku, amma ba a auna karin magana da ilimin gandun daji. Ma'anarsa ita ce abin da Bahaushe ke nufi in ya faɗa, kuma abin da masu sauraro suka ji. Shirun da matan nan suka yi shi ne fassarar.

Abban Sadik:
Ni wurin faɗar ne bai yi mini ba. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu. Ko da gaskiya ce, ba a zaman makoki ba.

Uwar Biyu:
Abban Sadik, ai ba zagi ta yi ba, da addu'a ta fara. Kuma shi Annabin (SAW) ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Mace ta haɗiye magana shekara sittin, ta fito da kalma biyu, a bar ta mana.

Bazazzagiya:
Akwai abin da ba ku taɓo ba. Goggo 'yar fari ce. Matan zamanin Iya ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, wata ko kallonsa ba ta yi in da baƙi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. To haɗa wannan alkunyar da uwar da kullum tana gidan wani. Ina jin in kika tambayi autan Iya, ba zai gane wace giginya ake magana ba, shi bishiyar kuka ya sani mai inuwa har gindi.

Sannan in aka ce attajiri inuwar giginya ne, kuɗi ya hana nasa, kuma da gangan. Ita mace irin Iya ba dukiya ta raba ba, lokacinta ta raba, shi kuwa lokaci in ka ba wani to ka rage wa wani, ba makawa. Da wannan ma'aunin ba mai tsira. Hajiya Gambo Sawaba ta nan garinmu, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, an ɗaure ta sau 16 saboda gwagwarmayar NEPU da 'yancin mata, gidanta kuma bai rabu da 'ya'yan riƙo ba. Duk daren da ta kwana a kurkuku akwai na gida da suka kwana ba ita. Yau ga asibiti da sunanta a Zariya. Ko 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata ta Nana Asma'u, ai shi ya sa jajin da ake naɗa wa malfa su bi ƙauyuka da karatu yawanci dattijan mata ne da suka gama reno. Mutanen da sun san hidimar jama'a da goyo ba sa shiga zani ɗaya cikin sauƙi. Ita Iya haɗa su ta yi.

Ɗan Gaya:
Hajiya kin gama magana. Malam dai ya ƙi sakin bishiyarmu ta huta.

Malam Na-Gusau:
Ban ce Iya ta cancanci kalmar ba. Tambaya aka yi kan ma'ana, na ba da ma'ana. In yabo ake nema, ga "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza" nan, ba mai yin tsit in an faɗe shi.

Jikar Iya:
Na gode muku duka. Jiya da daddare na yi ƙarfin hali na sami Goggo a ɗakin Iya, tana kwashe kaya. Ta buɗe tsohuwar adakar ƙarfen nan: sababbin reza a takardarsu, zare, sabulu, turare, da farin yadi an yayyanka an ninke, kashi uku. Na karanta mata abin da kuka rubuta. Da na zo kan na Anti Uwar Biyu sai ta ce in maimaita.

Ta ce lokacin da ta zo wankan jegon haihuwarta ta fari, ita da 'yar maƙwabta suka haihu mako guda. Kullum da asuba sai Iya ta fara tsallakawa ta yi wa waccan wanka, don ba ta da uwa, sannan ta dawo kanta, ruwan ya fara hucewa. Kwana arba'in haka. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce to Goggo zargi ne ke nan? Ta ce, "Ke, uwata ce. Ni na san abin da na faɗa."

Abin da ban sani ba sai jiyan: ran kwana shida an yi rasuwa a bayan layinmu, yaran gidan suka zo suka yi sallama a ƙofarmu kamar yadda aka saba, sai da suka iso suka tuna. Goggo ce ta ɗauki kashi ɗaya na yadin ta bi su. Da ma huɗu ne.

Ta kuma ba ni saƙo wurin Ɗan Gaya. Ta ce a gaishe ka, gaskiyarka ne 'ya'yan giginya gindi suke faɗowa, amma ka manta ba ka gaya wa mutane a kan wa suke sauka ba.