Shin Aikin Gwamnati Yana da Sauran Daraja?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na kammala hidimar ƙasa bara, kuma mahaifina, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya, ya matsa mini in nemi gurbi a wata ma'aikatar jiha. Abokaina kuwa cewa suke yi ma'aikacin gwamnati ba shi da aiki sai sa hannu a rajista da jiran ƙarshen wata. Ina roƙon waɗanda suka san harkar daga ciki su gaya mini tsakani da Allah, wane amfani ma'aikata da hukumomin gwamnati suke yi wa talaka a yau?

Malamar Asibiti ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambayi abokan naka yaushe rabon da su ga jariri ya shanye saboda cutar shan inna. A 2016 aka samu yara na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Waɗanda suka yi wannan aiki ƙananan ma'aikatan lafiya ne na ƙananan hukumomi, yawancinsu mata. Na yi shekaru ina cikinsu. Mukan fito tun da sanyin safiya ɗauke da akwatin ƙanƙara, mu bi gida gida, mu ɗiga wa yaro maganin a baki, mu shafa masa tawada a ɗan yatsa, sannan mu yi alama da alli a bangon gidan. Wani maigidan ya ba mu ruwa, wani ya kore mu da zagi. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu rigakafi a nan Kano, Allah ya jiƙansu, amma aikin bai tsaya ba. Yaron da yake gudu da ƙafafunsa a yau bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mai Shagon Kwari ya amsa:

Hajiya, ban musa maganarki ba, sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren. Na yi wata bakwai ina zarya a wani ofishi a kan takardar fili, kullum a ce fayil ya ɓata ko oga ya fita, sai ranar da na ba da na goro fayil ɗin ya bayyana. Irin wannan ne yake sa mutane su yi wa ma'aikata kuɗin goro.

Tsohon Akawu ya amsa:

Alhaji, abin da ya same ka gaskiya ne, kuma abin kunya ne gare mu. Amma ciwon yana da asali. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da masu laifi da waɗanda aka yi wa ƙazafi, kuma tun daga lokacin da yawa suka daina ɗaukar aikin a matsayin abin dogaro har tsufa, kowa ya shiga tanadin gobensa ta kowace hanya. Ga kuma albashi: a Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancinsa naira 70,000, a lokacin da kuɗin ba ya sayen buhun shinkafa. Wannan ba uzurin cin hanci ba ne, amma ya kamata mai hukunci ya sani.

Duk da haka, hukuma takan gyaru idan ta samu shugaba na gari. Lokacin da Dora Akunyili ta karɓi shugabancin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 2001, jabun magunguna sun cika kasuwanni, ta riƙa kama su tana ƙonawa a bainar jama'a, har aka harbi motarta a Disambar 2003, ba ta fasa ba. Daga zamaninta ne talaka ya koyi juya kwalin magani yana neman lambar hukumar.

Ɗana Ɗan Kurna, idan ka samu gurbin ka karɓa, amma ka nemi sashen da ake aiki da abin da ka karanta, kuma ka riƙe wata 'yar sana'a ta halal a gefe, domin albashin matakin da za a ɗauke ka ba zai riƙe gida shi kaɗai ba. Ka kuma zauna da mahaifinka ka tambaye shi wata nawa ya jira kafin a biya shi garatuti.