Wike: ƙaramar hukuma ce ta gina shi, ko iyayen gida?

Tsohon Kansila: Jama'a, ni dai na tsaya a kan cewa wanda bai fara daga ƙaramar hukuma ba bai san siyasa ba. Ku dubi Nyesom Wike. Ciyaman ne na Obio-Akpor a jihar Ribas daga 1999 zuwa 2007, yau shi ne ministan Abuja. A can ya koyi sanin wa ke riƙe da kowane akwati.

Malamar Firamare: Ranka ya daɗe, ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Ina sauran ciyamomin? Da gwamnan Ribas Rotimi Amaechi bai ɗauke shi shugaban ma'aikatan gidan gwamnati a 2007 ba, da wa ya san shi a Kano?

Tsohon Kansila: Hajiya, gwamna ba ya ɗaukar wanda ba shi da jama'a. Ni na zauna a sakatariya. Kafin ciyaman ya fito daga mota, mai neman kuɗin magani da mai neman buhun taki sun riƙe ƙofar. Wanda ya yi shekara takwas a haka, me zai ba shi tsoro?

Ɗan Gwagwalada: Baba, a yi haƙuri, ni ina bayan Hajiya. Jonathan ya ba shi ƙaramin ministan ilimi a 2011, ya ɓata da Amaechi, sannan ya ci gwamna a 2015. Kowane hawa da kafaɗar da ya taka.

Mai Shayi: To wace kafaɗa ya taka a 2022? A zaɓen fidda gwanin PDP na takarar shugaban ƙasa ya samu ƙuri'a 237, Atiku 371, kuma sai da Tambuwal ya janye wa Atiku. Daliget ba sa bin mutum don Allah, sai wanda ya san hanyar gidajensu.

Malamar Firamare: Malam, hanyar gidajensu ko hanyar aljihunsu?

Ɗan Gwagwalada: Kuma ciyaman na yanzu fa? Kuɗinsa na asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamna ke yanka masa. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye.

Tsohon Kansila: Wannan kam ban musa ba, ɗana. Namu ko fetur ɗin janareta sai ya rubuta takarda zuwa babban birnin jiha. Amma ban janye maganata kan Wike ba.

Malamar Firamare: Ni ma haka. A kawo mana mutum na biyu tukuna.